Sarakuna uku masu suna ɗaya: yadda aka gano mai wani dinariyus na Rum

Asalin lamarin

Mutumin da wannan nazari ya shafa tsohon malamin makaranta ne a arewacin Ingila, wanda ya soma tara tsofaffin kuɗin Rum bayan ya yi ritaya. Burinsa bai da yawa. Yana son ya haɗa dinariyus guda-guda, wato tsabar azurfar da ake biyan sojojin Rum da ita, na sarakuna biyar da suka yi mulki a jere daga shekarar 96 zuwa 180 miladiyya: Narba, Tarajan, Hadriyan, Antoninus Piyus da Markus Awreliyus. Huɗu sun riga sun shiga hannu. Saura na Antoninus Piyus, wanda ya hau mulki a 138 ya mutu a 161.

A wata kasuwar masu tsofaffin kuɗi ya ci karo da shi, cikin akwatin da ɗan kasuwa ke zuba masu araha. Kuɗin na cikin 'yar ambulan, da takarda an rubuta da hannu: Antoninus Pius, 138–161. Ya duba, ya ga sunan a jikin kuɗin, ya biya.

Ga siffar kuɗin a ranar da ya saye shi. Nauyi giram 2.90, faɗi milimita 19, launi toka-toka mai duhu irin na azurfar da ta daɗe. An buga shi a karkace. Da hannu Rumawa ke buga kuɗi: a sa ɗan faifan ƙarfe tsakanin tambari biyu, a daka da guduma, kuma idan faifan ya goce sai wani sashe na zanen ya faɗa waje. A nan ƙasan fuskar ne ya faɗa waje, kuma can ne rubutun yake farawa yake kuma ƙarewa, domin yana tashi daga ƙasa ta hagu, ya kewaya bisa kan sarki, ya sauka ƙasa ta dama. Abin da ke karantuwa shi ne ANTONINVS PIVS AV. Kan sarkin na ɗauke da kambun ganye. A baya akwai mutum tsaye yana duban hagu, ya miƙa hannu bisa wani abu gajere. Rubutun bayan ya fara da P M TR P, sai wani ɓawo da ya manne a wurin, sai IIII COS III P P.

Makon farko: fuskar da ta fita daban

Matsalar ta bayyana ne da ya jera kuɗin a gurbinsa, tsakanin Hadriyan da Markus Awreliyus. Su biyun masu gemu ne cike da fuska. Na tsakiya kuwa fuskar yaro ce, kumatu a cike, sai ɗan saje da ya soma tsirowa. Antoninus Piyus yana da shekara 51 lokacin da ya hau mulki, kuma duk kuɗinsa dattijo mai gemu suke nunawa.

Abin da ya fara yi shi ne ya ɗauki hoton kuɗin da waya ya neme shi a intanet. Hotuna da yawa suka fito, kuma sun rabu gida uku: wasu an ce Antoninus Piyus, wasu Karakalla, wasu Elagabalus. A nan ya fara sanin cewa Karakalla da Elagabalus laƙabi ne kawai, babu kuɗin da ke ɗauke da su a matsayin sunan sarki. Karakalla sunan wata riga ce mai hula da sarkin ke yawan sawa. Elagabalus sunan abin bautar da ɗayan yake yi wa hidima ne. A hukumance su biyun Markus Awreliyus Antoninus ake kiransu, kuma su biyun sun sa PIVS a kuɗinsu.

Ya shafe makon yana gwada fuska da fuska. Hakan ya fitar da Antoninus Piyus daga lissafi, sannan wani abu ya ƙara tabbatar da haka: a kuɗin dattijon AVG (gajeren Augustus, laƙabin sarki) ne ke zuwa kafin PIVS, ana rubuta ANTONINVS AVG PIVS P P. Amma tsakanin samarin biyu, duban fuska bai raba gardama ba. Hancin kuɗin ya ɗan goge, kuma hotunan Karakalla yana saurayi da na Elagabalus sun yi kusa ƙwarai. Kama da wane ba wane ba ne, sai dai a ranar bai da abin da zai bambance su da shi.

Mako na biyu: Karakalla, 201

Ya koma kan rubutu. Daga wajen 201 zuwa 210 kuɗin Karakalla suna ɗauke da ANTONINVS PIVS AVG, daidai da abin da yake iya karantawa. Sai ya tsaya kan Karakalla, ya juya baya don ya fitar da shekara.

Gajerun haruffan nan muƙamai ne, kuma da su ake sanin shekarar bugu. TR P ikon wakilcin talakawa ne da sarki ke riƙewa, ana sabunta shi kowace shekara, don haka lambar da ke biye da shi tana ƙirga shekarun mulki. COS muƙamin kwansul ne, babban muƙamin gwamnatin Roma na shekara-shekara, wanda sarki ke ɗauka jefi-jefi, lambar kuma tana faɗin sau nawa ya ɗauka zuwa lokacin. P M shi ne shugaban firistocin addinin Rum. P P kuwa uban ƙasa.

An naɗa Karakalla sarki tare da mahaifinsa Sebtimiyus Seberus a 198, saboda haka TR P IIII nasa ya faɗo a 201, yana ɗan shekara 13. Fuskar yaro ta dace. Sauran ba su dace ba. Karakalla bai zama kwansul ba sai 202, ya sake a 205, na uku a 208. Ba yadda za a yi kuɗinsa na 201 ya ce COS III. Haka ma P M: muddin Seberus na raye, shi ke riƙe da wannan muƙami, ɗan kuwa PONT ko PONTIF, wato firist kawai, ake rubuta masa.

Mako na uku da na huɗu: Karakalla, 211

Sai idonsa ya koma kan ɓawon da ke tsakanin P da IIII. Idan akwai X a ƙarƙashinsa, lambar ta zama XIIII, wato 211. A watan Fabrairun wannan shekara Seberus ya mutu a Eborakum, garin Yok na yau, Karakalla ya gaji P M. A lokacin yana COS III, domin na huɗu sai 213. Kuma lallai akwai kuɗin Karakalla na 211 masu rubutu P M TR P XIIII COS III P P, harafi da harafi. Ga mutumin da ke zaune a arewacin Ingila, kuɗin shekarar da sarki ya mutu a Yok abin so ne. Ya rubuta sabuwar takarda: Karakalla, Roma, 211.

Takardar ba ta yi kwana goma ba ta soma ba shi matsala. Daga 210, bayan yaƙin Biritaniya, kuɗin Karakalla suna ƙarewa da BRIT, kuma a 211 yana da shekara 23, da gemu sosai da fuska a murtuke. Ya buɗe kundin da masu wannan harka ke dogara da shi, wanda ake taƙaita sunansa da RIC, juzu'i na huɗu kashi na ɗaya, inda kuɗin Karakalla suke. Ya bi na 211 ɗaya bayan ɗaya. Bai samu mai mutum tsaye irin nasa ba.

Wata na biyu: wanki, sannan zargin jabu

Ya yanke shawarar cire ɓawon don ya ga X ɗin da idonsa. Ya jiƙa kuɗin cikin ruwan lemun tsami na minti goma, ya goge da tsinken sakace, ya maimaita sau biyu. Duhun nan na shekaru ya wanke, kuɗin ya yi fari fat, kusa da gefe kuma wasu ƙananan ramuka suka bayyana. Ɓawon bai motsa ba. Irin wannan ɓawo yana fitowa ne idan azurfa ta daɗe cikin ƙasa mai gishiri, kuma ba datti ba ne da ya hau kai, azurfar ce da kanta ta sauya. Tsamin lemo ba ya narkar da shi.

Da kuɗin ya ƙi shiga kowane gurbi, ya soma zargin jabu ne, an haɗa gaban wani kuɗi da bayan wani. Zargin ba na banza ba ne. Kuɗin zamanin gidan Seberus suna da jabu iri-iri tun daga zamaninsu: akwai na tagulla da aka lulluɓe da azurfa, akwai na zubi da aka yi da ƙarfe mai araha, ga kuma na 'yan damfarar yau.

Ya gwada maganaɗisu, kuɗin bai kama ba. Wannan bai nuna komai ba, domin azurfa da tagulla da darma duk ba sa kama maganaɗisu. Sai ya yi awon ruwa. Ya ɗora kofin ruwa kan sikeli ya mayar da shi sifili, ya ɗaure kuɗin da zare, ya nutsar da shi ba tare da ya taɓa gindin kofin ba. Sikelin ya nuna 0.31. Da ya raba 2.90 da 0.31 ya samu 9.35, lambar da ke nuna sau nawa ƙarfen ya fi ruwa nauyi. Azurfa zalla 10.5 take bayarwa, jan ƙarfe kuma kusan 8.9. Ganin lambarsa ta fi kusa da ta jan ƙarfe, ya ɗauka magana ta ƙare, an cuce shi.

Wata na uku: fitila daga gefe

Ya kai kuɗin taron wata-wata na ƙungiyar masu tara kuɗi da ke yankinsu, da nufin a tabbatar masa jabu ne kafin ya koma wurin ɗan kasuwa. Wata dattijuwa da ta daɗe tana tara kuɗin gidan Seberus ta karɓa.

Ta fara da awon ruwan. Ta tuna masa cewa tun zamanin Seberus azurfar da ke cikin dinariyus ta ragu zuwa kusan rabi, sauran jan ƙarfe ne, don haka abin da ake sa ran gani kusan 9.7 ne, ba 10.5 ba, kuma kuɗin da ya daɗe a ƙasa yakan yi ƙasa da haka saboda jan ƙarfen da ke cikinsa ya zagwanye. Sannan ta sa shi ya sake lissafin da lambobi biyu na kusa. Da sikelin ya nuna 0.30, amsar 9.67 ce. Da ya nuna 0.32, amsar 9.06 ce. Ɗigon ruwa a jikin zare ya isa ya kawo wannan bambanci. Ta duba gefen kuɗin da gilashin ƙara girma: babu layin haɗi irin na zubi, babu inda azurfa ta ɓare ta nuna ja a ciki, ga kuma ƙananan tsage-tsage da ke tashi daga gefe zuwa ciki, irin waɗanda dukan guduma ke barwa.

Daga nan ta kwantar da kuɗin kan tebur, ta kunna fitilar waya, ta riƙe ta ƙasa-ƙasa daga gefe yadda kowane ɗan tudu zai yi inuwa. Ba ta kula da ɓawon ba tukuna. Ta ce ya nuna mata inda A na ANTONINVS yake. Idan da shi rubutun ya fara, wurinsa can ƙasa ne, inda ƙarfe bakwai yake a fuskar agogo. A wannan kuɗi yana sama da haka, bayan wuyan sarki, kusan ƙarfe tara. Akwai fili a gabansa da zai ɗauki haruffa uku. Kawunan haruffa a kuɗin Rum gefe suke duba, ƙafafunsu na ciki, don haka idan bugu ya karkace kawunan ne ke yankewa, ƙafafu su saura. Ƙarƙashin hasken suka fito a bakin gefe: sanda ɗaya, sai ƙafafu biyu a buɗe da ɗan tsini a tsakaninsu, sai wata sanda ɗaya. I, M, P. A ɗaya ƙarshen kuma, bayan AV, saura gurbin harafi ɗaya kafin a kai kafaɗar sarki. BRIT ba shi da wurin zama.

IMP ANTONINVS PIVS AVG rubutun Elagabalus ne, daga 220 zuwa 222 (IMP gajeren imperator ne, wato shugaban sojoji).

Sai ta juya baya ta gwada faɗin ɓawon da faɗin M ɗin da ke kusa. Ɓawon bai kai ba. Tazarar da masu sassaƙa tambari ke bari tsakanin kalmomi ce kawai ya rufe. Ba X. Lambar IIII ce yadda take. Elagabalus ya hau mulki a 218, TR P IIII nasa 221 ne. Ya yi kwansul a 218 da 219 da 220, sannan na huɗu a 222, saboda haka a 221 COS III yake. P M kuwa nasa ne tun farko, domin ba shi da babban sarki a bisansa. Muƙamai huɗu suka taru kan shekara ɗaya ba tare da an ƙara ko an rage komai ba.

Saura abubuwa uku da suka kasance a gaban idonsa tun ranar farko. A filin bayan kuɗin, gaban mutumin da ke tsaye, akwai ɗan tauraro wanda ya ɗauka tabo ne. Mutumin ba ya sanye da mayafin manyan Roma, doguwar rigar firistocin Siriya ce a jikinsa, yana zuba hadaya daga 'yar tasa bisa bagade mai wuta, ɗaya hannun riƙe da reshe. A gaban kuɗin kuma, saman goshi, wani abu ya lanƙwaso gaba daga kambun, wanda ya ɗauka tsagewar tambari ce. Shi ne abin da masu wannan harka ke kira ƙaho. Yana fitowa a kuɗin Elagabalus na 221, ya ɓace a farkon 222, kuma babu wani sarkin Rum da ke da shi. Masana sun sha bamban kan abin da yake, amma sun haɗu kan cewa da aikinsa na firist yake da alaƙa.

A wannan daren suka buɗe OCRE, rumbun intanet na kuɗin daular Rum da ƙungiyar masu nazarin kuɗi ta Amurka ke kula da shi, suka sa rubutun gaba da na baya. Kuɗin ya fito a RIC juzu'i na huɗu kashi na biyu, Elagabalus lamba 46, bugun Roma, 221. Duk makonnin nan a kashi na ɗaya yake nema.

Me ya sa sunan ya maimaitu

Ruɗanin nan da gangan aka shuka shi tun asali. Seberus, ɗan Lebtis Magna a Libiya ta yau, ya ƙwaci mulki ne da sojoji a 193. Don ya jingina kansa da gidan da ake girmamawa, ya ayyana kansa ɗan Markus Awreliyus, ya sauya sunan ɗansa Basiyanus zuwa Markus Awreliyus Antoninus. An kashe Karakalla a Afrilun 217 kusa da Harran, a Turkiyya ta yau, Makrinus ya hau. Juliya Mesa, 'yar'uwar mahaifiyar Karakalla, ta koma garinsu Emesa, Homs ta yau a Siriya, inda jikanta Elagabalus, ɗan shekara 14, yake firist na abin bautar rana, wani baƙin dutse. Ta baza labari cikin sojoji cewa yaron ɗan Karakalla ne. A Mayun 218 suka naɗa shi da sunan Karakalla, a Yuni suka ci Makrinus kusa da Antakiya. Kamannin da ke tsakanin hotunan biyu yana cikin wannan da'awa. Kuɗin 221 kuwa na lokacin da yaron ya fito fili da addinin garinsu ne a Roma, kuma wannan hoto na hadaya yana maimaituwa a wasu kuɗinsa masu rubutu SACERD DEI SOLIS ELAGAB da SVMMVS SACERDOS AVG. A Maris na 222 dakarun fada suka kashe shi yana ɗan shekara 18.

Yadda aka ƙare

Ɗan kasuwan bai yi musu ba. Ya ce da takardar kuɗin ya zo masa cikin wani tsohon tari da ya saya gaba ɗaya. Ya ce da ba a wanke ba da ya karɓa ya mayar da kuɗi, amma yanzu ba zai iya sayar da shi a farashin da ba. Ya yi masa ragi kan wani dinariyus na ainihin Antoninus Piyus, mai nauyin giram 3.3, da rubutu ANTONINVS AVG PIVS P P TR P COS III. Ta fuskar farashi kuskuren takardar bai jawo babbar asara ba, domin kuɗin Antoninus Piyus da na Elagabalus ba su da wuyar samu. A taskar Reka Debniya kaɗai, da aka tono a Bulgeriya a 1929, an ƙirga tsabar azurfa sama da 80,000, kuma na su biyun suna da yawa a ciki. Ya riƙe na Elagabalus, ya rubuta masa takarda ta uku, ya bar ta farko cikin ambulan bisa shawarar dattijuwar, tunda ita ce kaɗai shaidar hannun da kuɗin ya bi.

Hukunci

A ganina matakin da ya fi cutarwa shi ne na mako na uku. A mako na biyu mutumin ya yi aiki mai kyau: ya gano TR P IIII da COS III da P M ba sa haɗuwa a Karakalla. Wannan saɓani yana cewa a sake sarki. Shi kuma ya riƙe sarkin ya sake rubutun, ya sa X inda bai ga X ba. Muƙaman nan kamar shaidu ne a gaban alƙali, idan suka saɓa ba a ƙago wani shaida don a ceci da'awa. Wankin da zargin jabun duk daga wannan X suka fito. Abin da ya sa tarkon ya kama shi da kyau shi ne P M TR P XIIII COS III P P rubutu ne na gaskiya da ke wanzu, shekara goma daidai kafin nasa, kuma harafi ɗaya ne ya raba su.

Duban fuska ya yi amfani sau ɗaya, wajen fitar da dattijo daga cikin samari, bayan haka bai ƙara komai ba. Maganaɗisu bai amsa kowace tambaya ba. Awon ruwa hanya ce mai inganci, amma ga tsabar da ba ta kai giram uku ba yana buƙatar sikelin da ya fi na gida daidaito, da kuma sanin yawan azurfar da ake tsammani a wannan zamani. Wankin ne ya fi ba ni takaici, domin shi kaɗai ba ya gyaruwa. Duhun zai dawo a hankali cikin shekaru, ramukan ba za su cike ba, kuma amsar da aka nema da lemun tsami tana samuwa da fitila ba tare da an taɓa kuɗin ba.

Abin da ya yi aiki shi ne karanta fili tare da haruffa: inda kalma ta fara, gurbi nawa ya saura, ƙafa nawa ta leƙo a gefe. Sai dai IMP ba zai raba Karakalla da Elagabalus kullum ba. A 213 Karakalla ya buga kuɗi da ANTONINVS PIVS FEL AVG, kuma da wannan rubutu ɗin aka buga wa Elagabalus kuɗi a gabas a 218 da 219. A nan gemu da bayan kuɗin ne ke yanke hukunci. Idan bayan ya nuna keken dawakai huɗu ɗauke da dutse, da rubutu SANCT DEO SOLI ELAGABAL, na yaron Emesa ne.